KI KWANCE IGIYAR: Shugabanci da Kwanciyar Hankalin Uwargida Ma'aikaciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dare domin hutu, Ya halicci yini domin nema. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke da Allah Ya ɗora wa jagorancin wasu mutane a wajen aiki. Ko shugabar makaranta ce ke, ko shugabar ma'aikatan jinya, ko darakta a ma'aikata, ko manaja a banki, ko mai shagon ɗinki da yara goma a ƙarƙashinki, ko Amirar ƙungiya, duk da ke nake.

Bari in fara da ranarki, ki gyara mini inda na yi kuskure. Kin tashi tun kafin kiran sallar farko. Kin ɗora ruwan wanka, kin dama koko, kin shirya yara, kin zuba musu abinci a kula, kin sallami maigida. Kin isa ofis kin tarar da fayil-fayil jibge a kan tebur, ga mitin, ga ma'aikata biyu da suka yi faɗa suna jiran ki raba, ga na sama da ke yana neman rahoto yau-yau ɗin nan. Bayan la'asar kin biya gaisuwar mutuwa, kin leƙa barka, kin dawo kin faɗa kicin. Bayan isha'i kin duba wa yara aikin makaranta, waya kuma ba ta daina ƙara ba. Kin kwanta jiki ya mutu murus, amma ido biyu, zuciya tana ta lissafin gobe. Da safe maƙwabciya ta ce miki, "Ina gajiya?" Kika ce, "Ba gajiya."

To, a gaisuwa haka ake amsawa. Matsalar ita ce da yawanmu mun mayar da amsar gaisuwa ta zama amsar da muke ba kanmu, da mazajenmu, har da likita.

IGIYAR NANA ZAINAB

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) cewa wata rana Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci sai ya ga igiya an ɗaure ta tsakanin ginshiƙai biyu. Da ya tambaya, aka gaya masa ta Zainab ce, idan ta gaji da tsayuwar sallar dare sai ta riƙe ta don kada ta zauna. Sai ya yi umarni a kwance igiyar, ya kuma karantar da cewa mutum ya yi sallah gwargwadon nishaɗinsa, idan ya gaji ya zauna.

Ki tsaya ki yi tunani a nan, 'yar'uwa. Mafi yawan malamai sun ce wannan Zainab ita ce Uwar Muminai Zainab bint Jahsh (RA), mace mai sana'ar hannu, wadda take jima da ɗinkin fata tana sadaka da abin da ta samu. Kuma ba don neman duniya ta ɗaura igiyar ba, don sallah ce. Duk da haka aka ce a kwance. Idan a sallah, wadda ita ce ginshiƙin addini, ba a yarda ki rataye kanki ba, ina ga aikin ofis?

Wannan shi ne zuciyar darasinmu. Kujerar da kike kai amana ce, gaskiya ne. To amma jikinki da hankalinki su ma amana ne, kuma sun riga kujerar zuwa hannunki.

BA KE KIKA FARA BA

Kafin mu ci gaba, kada wata ta fahimci cewa ana nufin mace ta guji ɗaukar nauyi. Nana Khadija (RA) attajira ce mai ɗaukar maza aiki su kai mata haja Sham. Rufaida al-Aslamiyya (RA) tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma can aka kai Sa'ad bin Mu'azu (RA) bayan yaƙin Khandaƙ. Fatima al-Fihriyya ce ta gina masallacin Ƙairawiyyin a birnin Fas na ƙasar Maroko a shekarar 859 miladiyya, wanda ya zama cibiyar ilmi har yau. A nan gida, Mai Shari'a Aloma Mukhtar ta riƙe muƙamin Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, ita ce mace ta farko a wannan kujera, Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa kuma ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Al'umma tana bukatar likita mace, da malama mace, da shugabar makarantar 'yan mata mace. Saboda haka ba zaman kujerar ne abin dubawa ba, yadda za ki zauna a kanta ba ki karye ba shi ne.

INA NAUYIN YAKE FITOWA?

Na farko, aiki biyu kike yi ana biyan ki ɗaya. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na shekarar 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kusan kashi 76 cikin ɗari na ayyukan gida da reno da jinya waɗanda ba a biya, inda mace ke cin sa'o'i 4 da minti 25 kullum a kansu, namiji kuma sa'a 1 da minti 23. Wannan lissafin duniya ne baki ɗaya. Ke da kike fama da rashin wuta da ruwa, ga baƙi, ga surukai, kin fi kowa sanin naki lissafin.

Na biyu, ido yana kanki. Namiji shugaba idan ya yi kuskure sai a ce wane ya yi kuskure. Ke idan kika yi, sai a ce, "Dama mace ce." Idan kin tsare gida a ce kin cika izza, idan kin sassauta a ce ba ki iya ba. Wani na ƙarƙashinki sa'an babanki ne, yana jin nauyin karɓar umarni daga gare ki. Wani lokacin ma 'yar'uwarki mace ce ke kai sukarki gaba. Wannan ya sa kike yin aikin mutum biyu don kawai kada a samu abin faɗa.

Na uku, dangi. Tun ranar da aka ji an ƙara miki girma, kowa da bukatarsa: a samo wa ɗa aiki, a biya kuɗin makaranta, ga gudummawar biki, ga anko, ga adashi. Idan kin ce babu, a ce kin samu duniya kin manta zumunci.

Na huɗu, kuma shi ya fi cin rai, amanar dukiya da sa hannu. A kawo miki takarda a ce ki sa hannu alhali kin san abin da ke ciki ba gaskiya ba ne. Ki sa, ki kasa barci don tsoron Allah. Ki ƙi, ki kasa barci don tsoron canjin wurin aiki.

Na biyar, zargin kai. Kina ofis zuciyarki na gida wajen yaron da ya kwana da zazzaɓi. Kina gida zuciyarki na ofis. Ko'ina kike, ji kike kin tauye wa wani haƙƙi.

Bahaushe ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Gaskiya ne. Amma ko juji, idan ba a kwashe shi lokaci-lokaci, wata rana da kansa yake kama wuta.

ABIN DA KE FARUWA A JIKINKI

Allah cikin hikimarSa Ya sanya wa ɗan Adam wata garkuwa. Idan kika ga abin tsoro, kamar maciji a tsakar gida, nan take ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ga wasu 'yan halittu da ke saman ƙoda, su saki sinadaran da likitoci ke kira adiranalin da kotisol. Sai bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, sukari ya kwararo cikin jini don ki samu ƙarfin gudu. Da an kashe macijin, komai sai ya koma daidai.

To, jiki ba ya bambance maciji da takardar tuhuma ko kiran wayar shugaba da tsakar dare. Idan kullum a firgice kike, sinadaran nan ba sa sauka. Kamar janareta ne a bar shi a kunne dare da rana, ba hutu ba juyen mai. Daga nan sai rashin barci, ciwon kai, ciwon wuya da kafaɗa, ƙwannafi, mantuwa, saurin fushi, da hawan jini.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani bincike da ya nuna cewa masu aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako sun fi masu aikin sa'o'i 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 17 cikin ɗari. A kan aikin neman abinci aka yi wannan bincike. Amma ke zauna ki haɗa sa'o'in ofis da na kicin da na jinya, ki ga inda kika tsaya.

GAJIYA HAWA-HAWA CE

Hawa na farko, gajiya ta yau da kullum. Wannan barci mai kyau da hutun ƙarshen mako suna maganinta.

Hawa na biyu, galabaitar aiki. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin yanayin da ke samuwa daga matsin wajen aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba, ta kuma ba ta alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da jin aikin ya fita daga ranki har kina jin haushin sa da mutanen cikinsa, da raguwar ƙwazo. Malamar da a da take son ɗalibanta kamar 'ya'yan cikinta, yanzu ko muryarsu ba ta son ji. Nas ɗin da aka sani da tausayi, yanzu tsawa take daka wa mai naƙuda. Ba halinta ne ya lalace ba, rijiyar ce ta ƙafe.

Hawa na uku, ciwon damuwa. Wannan cuta ce kamar sauran cututtuka, kuma ba a ofis kaɗai take tsayawa ba, ko'ina tana bin ki. Alamominta sun haɗa da:

1. Baƙin ciki ko ƙuncin zuciya kusan kullum, yawancin yini.
2. Daina jin daɗin abubuwan da kike so a da, har hira da yara ko zuwa islamiyya.
3. Rashin barci, ko farkawa tsakar dare barcin ya ƙi dawowa, ko yawan barci.
4. Rashin cin abinci ko yawan ci.
5. Kasala, da kasa tattara hankali ko yanke shawara.
6. Ganin kanki ba ki da amfani, da yawan zargin kai.
7. Tunanin gara mutuwa, ko tunanin cutar da kai.

Idan da yawa daga cikin waɗannan suka haɗu suka kai mako biyu, lokacin ganin likita ya yi. Ta bakwai kuwa ba a jira da ita ko kwana ɗaya, ki gaya wa wanda kika amince da shi yau, a raka ki asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya fi kama mata a kan maza da kusan ninki ɗaya da rabi, kuma fiye da mace ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna fama da shi. Kin ga ashe ba ke kaɗai ba ce.

RAUNIN IMANI NE?

Ga inda ake cutar mu. Mace ta yi ƙarfin hali ta ce zuciyarta a cunkushe take, sai a ce mata, "Haba Hajiya, ke da kike da ilmi? Ki ƙara tawakkali." Sai ta ja bakinta ta tsuke, ta ƙara wa ciwonta kunya.

Mu koma ga Alƙur'ani. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ya kai kukansa ga Allah, kuma annabcinsa bai ragu ba. Nana Maryam (AS), zaɓaɓɓiya a cikin matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ta yi burin ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a yi mata faɗa ba. An lallashe ta, aka nuna mata ruwa da ɗanyen dabino, aka ce ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Shi kansa Manzon Allah (SAW), shekarar da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiran ta.

Nana A'isha (RA) kuwa, idan aka yi rasuwa a danginta, bayan masu gaisuwa sun watse takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir da akan sa wa madara ko zuma, a ba masu makoki, domin ta ji daga Manzon Allah (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Wato ana bi ta jiki a taimaki zuciya.

Haka malaman Musulunci na farko suka fahimta. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, a ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke saukar wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana bukatar magani. Wannan fa fiye da shekara dubu kenan.

Saboda haka ki riƙe addu'a da azkar da karatun Alƙur'ani, su ne abincin zuciya, babu abin da zai maye gurbinsu. Amma kamar yadda mai ciwon sukari ke addu'a tana kuma shan maganinta, haka ke ma. Kada a tsaya kan cewa sammu ne ko kambun baka ko iska, a yi ta yawo da ke wata da watanni alhali ciwon yana ƙara nisa.

DARASI DAGA NANA ASMA'U

Idan kina neman abin koyi a shugabanci, ba sai kin tsallaka teku ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, marubuciya da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta ga matan karkara suna cikin duhun jahilci, ga ƙauyuka da nisa. Da irinmu ce, da sai ta ce ita za ta zaga kowane ƙauye da ƙafarta, don babu wanda zai yi kamar ita.

Ba haka ta yi ba. Wajen shekarun 1830 ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali da amana daga kowane gari, ta karantar da ita, ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar girma. Jaji ita ke jagorantar mata zuwa wajen Nana, ita ke komawa da karatu ta koyar a cikin gidaje. Ki lura da malfar nan. Ba aiki kaɗai ta ba su ba, har da girman aikin, a bainar jama'a, yadda kowa zai san wannan da izini take magana. Da Nana Asma'u ta rasu aikin bai mutu ba, ƙanwarta Maryam ta ɗora, aka ci gaba bayanta.

Ko Annabi Musa (AS), da aka aike shi ga Fir'auna, sai da ya roƙi Allah Ya ba shi mataimaki daga danginsa, ɗan'uwansa Haruna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san wata shugabar makarantar 'yan mata, mace mai gaskiya da tsoron Allah. Makullin sito a jakarta yake, na ofis a jakarta, ko alli za a ɗauka sai an jira ta. Shekara huɗu ba ta ɗauki hutu ba, wai kada a yi ɓarna a bayanta. Ranar bikin ba da kyaututtuka ta yanke jiki ta faɗi, jini ya hau. Mako shida tana kwance. Da na je duba ta bayan ta koma aiki, sai ta yi dariya ta ce, "Malama, kin san abin da ya fi ba ni kunya? Na dawo na tarar an yi jarrabawa, an ba da sakamako, ko cokali bai ɓata ba. Ashe mataimakiyata ta iya, ni ce ban taɓa bari ta gwada ba."

YADDA ZA KI KWANCE IGIYAR

A wajen aiki:

1. Ki ɗauki takarda ki rubuta duk abin da kike yi a mako. Ki ware waɗanda dole sai ke, kamar sa hannu kan kuɗi da yanke hukunci. Sauran ki raba, ki naɗa naki jajin, ki sanar a gaban kowa cewa wance ce ke da alhakin kaza. Za ta yi kuskure da farko, ke ma kin yi.
2. Ki sa wa aiki ƙofa. Ki sanar da lokacin da kike daina amsa waya da saƙon WhatsApp na ofis, in ba gaggawa ta gaske ba. Mako biyu za a yi ana ƙorafi, daga nan a saba.
3. Duk umarnin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki nemi a ba ki a rubuce, ke ma ki ba da amsa a rubuce cikin ladabi. Yawancin masu son a yi ba daidai ba ba sa son takarda.
4. Ki ɗauki hutunki na shekara, haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

A gida:

5. Ki zauna da maigida, ba lokacin da ya shigo a gajiye ba, ba kuma cikin fushi ba. Kada ki ce, "Ba ka taimaka mini." Ki ce, "Abban yara, wallahi nauyin nan ya fara fin ƙarfina, ina neman shawararka." Sannan ki faɗi abu ɗaya ko biyu takamaimai, kamar ɗauko yara daga makaranta ko cefanen mako. Manzon Allah (SAW) da ya dawo daga kogon Hira a firgice, wajen Nana Khadija ya nufa. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da al'amari ya yi tsanani, Ummu Salama (RA) ya gaya wa, shawararta ce kuma ta warware matsalar. Nana A'isha ta shaida cewa a gida yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. Aure wurin sauke nauyi ne ga miji da mata baki ɗaya. Ke ma ki tuna, darakta a ofis take, idan kin shigo gida ki ajiye muryar ofis a bakin ƙofa.
6. Ki koya wa yara aiki, maza da mata. Ɗan shekara goma zai iya wanke kwanonsa da safarsa. Idan da hali ki ɗauki mai taimako babba, ki biya ta haƙƙinta, kada ki sauke gajiyarki a kan 'yar mutane da ya kamata a ce tana makaranta.
7. Ki yanke wa hidimar dangi kaso daga albashinki. Idan ya ƙare, ki ce, "Allah Ya hore, sai wani watan." Ba kowane anko ne naki ba, ba kowane biki ne sai kin yini ba.

Ga kanki:

8. Barci. Babban mutum yana bukatar aƙalla sa'o'i 7. Ki ajiye waya nesa da gado, ki rage shayi mai ƙarfi da kofi da goro da yamma. In kin samu ƙailula ko ta minti 20 ce, ki yi. Da Nana Fatima (RA) ta koka da wahalar niƙa, mahaifinta (SAW) ya koya mata da mijinta tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 lokacin kwanciya. Ki riƙe su.
9. Ki yi sallar azahar da la'asar a kan lokaci, a natse, ki rufe ƙofar ofis. Minti goman nan hutu ne da Allah Ya yanka miki, kada ki bari fayil ya cinye shi.
10. Ki motsa jiki, ko zagayen tsakar gida ne na rabin sa'a, ki kuma riƙa auna jininki.
11. Ki samu aminiya ɗaya mai tsoron Allah da riƙon sirri, zai fi kyau wadda ta taɓa riƙe irin kujerarki. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma ba a ce ki haɗiye abin da zai kashe ki ba.
12. Ki guji sayen maganin barci ko na kashe ciwo a kemis ba da izinin likita ba. Binciken shan miyagun ƙwayoyi da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. Wasu ba da niyyar shaye-shaye suka fara ba, barci kawai suke nema.

IDAN ABIN YA KAI GA ASIBITI

Ki fara da likitan da kika saba gani, ki gaya masa gaskiya duka, ba ciwon kai kaɗai ba. Mai yiwuwa ya auna jininki, domin ƙarancin jini, da matsalar maƙoƙo, da sauyin da mace ke shiga lokacin ɗaukewar al'ada, wajen shekara 45 zuwa 55, duk suna iya kawo kasala da ƙunci da rashin barci. Idan da bukata zai tura ki ga masana. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, akwai kuma asibitoci na musamman a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Magani iri biyu ne, na tattaunawa da ƙwararre da kuma na sha, wani lokacin a haɗa. Na sha yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma ba a yanke shi kwatsam sai da shawarar likita. In kina da ciki ko kina shayarwa ki faɗa tun farko. Ki kuma sani cewa a watan Janairun 2023 an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutunci da haƙƙin masu wannan lalura.

WAƊANDA KE ƘARƘASHINKI

Ke ma za a tambaye ki game da abin da aka ba ki kiwo. Kada ki ce, "Mu ma haka muka sha." Dokar ƙwadago ta ba mai ciki hutun haihuwa na mako 12, da rabin sa'a sau biyu a yini don shayarwa bayan ta dawo, a aikin gwamnatin tarayya kuma hutun ya fi haka tsawo. Ki tabbata sun samu ba tare da gori ba. Idan kin ga ma'aikaciya mai ƙwazo ta fara makara, ta yi shiru, ta rame, kafin ki ba ta takardar tuhuma ki kira ta gefe ki ce, "Ƙanwata, lafiya kuwa?" Sannan abin da ta gaya miki ya tsaya a tsakaninku. Idan kina tashi a kan lokaci kina ɗaukar hutunki, su ma kin ba su izinin yin haka ba tare da kin ce komai ba.

TAMBAYOYI DON ZAMAN TA'ALIM

1. Wace igiya ce kika ɗaura wa kanki, a ofis ko a gida, wadda ba Allah ne Ya ɗora miki ba?
2. Wane aiki ɗaya za ki miƙa wa wata a wannan mako, kuma wace ce jajinki?
3. Idan 'yar'uwa ta ce miki zuciyarta a ƙuntace take, me ya kamata ki ce, me kuma bai kamata ba?
4. Yaushe rabonki da auna hawan jini?

'Yar'uwa, ranar da kika kwanta ciwo, kafin mako ya zagayo an ba wani riƙon kujerarki. Amma 'ya'yanki ba su da uwar riƙon ƙwarya. Gobe idan maƙwabciya ta ce ina gajiya, ki amsa mata yadda aka saba. Amma idan kin shiga ɗaki, ki gaya wa kanki gaskiya, ki gaya wa maigida, ki gaya wa Ubangijinki, in ta kama ki gaya wa likita.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke kanmu, Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinta, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a gidajenmu da ayyukanmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuma daga gare ni. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.